Ƙwan Zabuwa

Da asubar fari na bar Agege
a danfo mai ƙofa ɗaure da igiya,
kwandasta na ihu da Yarbanci, ni ina jan carbi.
A kan doguwar gada ruwa ya kwanta hagu da dama
kamar tasar da aka kwana ba a wanke ba.
Shekarata arba'in da bakwai.
Ɗaya bayan ɗaya na ƙirga su, cunkoso ya ba ni lokaci.

Asibitin Ikoyi ya fi ɗakin amarya ƙamshi.
Kifaye na yawo a akwatin gilashi,
hotunan jarirai sun rufe bango
sai ka ce kowa a Legas ya haihu, saura ni.
Likita ta juyo mini da allon na'ura,
ban ga komai ba sai toka da duhu.
Ta ce, "Hajiya Tabawa, ɗaki lafiya lau,
shimfiɗa na nan. Rumbu ne ya ƙare."
Ta ce akwai 'yan mata masu bayar da ƙwai.
Da ta faɗi kuɗin, sai na auna shi da goro:
huhu nawa ke nan, haɗe da shago,
haɗe da warwaron da na ɓoye a ƙasan akwati?

Ta miƙo takarda. Ba suna, ba hoto.
Shekara ashirin da uku. Wankan tarwaɗa.
Ba ta da sikila. Tana son lissafi.
Iyakar abin da zan sani ke nan
game da rabin fuskar da zan yi wa wanka.

A bakin ƙofa na yi kiciɓis da wata yarinya,
auduga manne a gwiwar hannunta,
tana ƙirga wani abu a waya.
Ta rusuna ta gaishe ni, na ga wushirya.
Kaf danginmu babu mai wushirya.
Na bi ta da kallo har lif ya haɗiye ta.

Malam ya ce nasaba ba ƙwarya ba ce
da za a aro a maƙwabta.
Ban musa ba. Na san karatun.
Sallau kuwa, shekara ashirin da biyu
bai taɓa jifata da kalma ba.
Ya ce, "Duk yadda kika gani,"
ya juya yana gyaran rediyon da bai lalace ba.

A Ƙafur, in damina ta zauna,
kakata Delu kan tsinto ƙwan zabi a gindin geza
ta tura wa kaza mai kwanci.
Kaza ta cika kwanakinta, shiru,
ta ƙara mako guda a kai, ba ta tashi ba.
Da suka fito ta tona musu gara,
ta yi wa shirwa tsaye, har ta rasa gashin wuya.
Kafin kaka zane ya fito musu.
Wata yamma suka yi fir, suka hau tsamiya,
ita tana ƙasa, ta karkace kai, tana kira.
A lokacin dariya muka yi.

An yi ruwa kafin in iso gida.
Na buɗe huhu, na sauya ganye,
na yayyafa ruwa, na tsince mai tsutsa.
Wani ne ya shuka goron nan a Shagamu,
ban san ko sunansa ba,
amma a hannuna yake kwana bai bushe ba.
Na faɗa wa kaina haka, sau biyu,
zuciyata ta ce, goro ba ya tambayar uwarsa.

Takardar tana jaka, tsakanin carbi da rasiɗin haya.
Likita ta ce tana jira zuwa Alhamis.
Yau Talata.
An ɗauke wuta, janaretan maƙwabta ya tashi,
ta bayan katanga jaririn Iya Bose na kuka,
ni kuma, ba wanda ya aike ni,
na tsinci ƙafata tana jijjiga.